Man Jirgi a Tukunyar Hajiya Rabi

Shekara uku na yi a Makka hannuna bai taɓa jirgin sama ba, alhali saboda jirgi na baro gida. Shekara goma sha ɗaya na yi ina gyaran ƙananan jirage a Jos kafin kamfaninmu ya rufe. Wani dillalin aiki a Kano ya dafa ƙirji ya ce irina ake nema a Saudiyya. Da na sauka, motar da ta ɗauke ni ba ta tsaya ko'ina ba sai wani garejin manyan motocin alhazai a bayan unguwar Rusaifa. Na tambayi shugaban garejin ina jiragen suke. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya miƙo mini sifana da bokiti. Da katin zamana ya fito, wato igama, sai na ga an rubuta lebura a gurbin sana'a. Lambar dillalin kuwa ba ta sake shiga ba, Allah ya isa tsakanina da shi.

Aikina juye. In kwanta ƙarƙashin mota, in kwance noti, baƙin mai ya zubo, in ɗaure, in zuba sabo, in matsa ta gaba. A gida kowa ya san Haruna yana gyaran jirage a ƙasa mai tsarki, kuma ban gyara musu zancen ba. 'Yata Hafsatu duk kiran da za mu yi sai ta ce in turo mata hotona da jirgi. In ce mata an hana ɗaukar hoto a wurin aiki. Wata shekara, washegarin Muzdalifa da safe, ina kwance ƙarƙashin wata mota da ta ƙi tashi, sai na ji muryar wani maƙwabcinmu na unguwa yana neman takalminsa. Muryar da na sani tun ina yaro. Wallahi zuciyata ta so in fito in rungume shi, amma sai na ƙara shigewa ciki har ya wuce. Ranar na yi kuka, ban ɓoye wa kaina dalili ba, kunya ce.

Ban iya zama wuri ɗaya a shekarun nan. In an tashi daga aiki sai in kama tafiya a ƙasa, daga gareji zuwa shagunan Rusaifa, in zagayo, in sake komawa, ba abin da zan saya. A wannan yawon na haɗu da Baba Usman. Haifaffen Makka ne, kakansa ya zo da ƙafa daga ƙasar Sakkwato ta Sudan, kuma Hausarsa rabi Larabci ce. Yana da akori-kura wadda yake kai wa matarsa, Hajiya Rabi, tukwane da abinci, domin ita ke dafa wa gidajen biki shinkafa, lokacin Hajji kuma ta dafa wa alhazai a Mina. Rannan motarsa ta tsaya a bakin titi, na saurari injin, na ce masa ga abin da ke damunta. Ya dube ni ya ce ai wannan kunnen ba na mai juye ba ne. Tun daga ranar ya laƙaba mini Muhandis, wato injiniya, kuma Hajiya ta fara ajiye mini kwano duk Juma'a. Ita ma ba ta raga mini ba. Takan ce na cika sintiri kamar kazar da ke neman wurin ƙwai.

A ƙarshen shekara ta uku garejin ya ce ba zai sabunta mana igama ba. Wanda ya samu sabon kafili, wato ubangidan da zai tsaya masa, ya tafi, wanda bai samu ba ya haɗa kayansa. Na yi ta bin shaguna da garejoji, kowa ya ce in dawo gobe. Baba Usman ne ya tuna da wani abokinsa na ƙuruciya, Abu Fahad, Balarabe dattijo, wanda Hajiya ke dafa wa gidansa abincin suna da aure. Yana da ƙaramin jirgi mai kujera huɗu a wani filin sauka can kan duwatsu bayan Ɗa'ifa, kuma shi ke tuƙa abinsa. An sauke injin an kai wani shago a Jidda za a sa masa sababbin silinda. Injiniyan da ke aikin yana neman mai taya shi wanda ya san abin da yake yi.

Ranakun hutuna guda huɗu na yi a shagon nan. Tun ranar farko na ɗora hannu kan injin. Injiniyan ya gwada ni da tambayoyi, daga baya ya daina, ya bar ni ina ɗaure notuna yana dubawa. Aka gama, aka kai injin kan dutse, injiniyan ya je da mutanensa suka ɗora, ya sa hannu inda ake sa hannu. Sai aka kira shi gida, mahaifiyarsa ba lafiya. Ya bar wa Abu Fahad saƙo cewa zaɓen mai da tashin farko a bar wa Haruna. Abu Fahad kuma ya ce wa Baba Usman in injin ya tashi lafiya zai karɓi kafalata, in zauna ina kula masa da jirgi. Kwana goma sha takwas suka rage wa igamata.

Rigimarmu ta farko da Abu Fahad a falonsa aka yi. Ya sa aka fito da kwalin mai da ya sayo, na zamani, mai tsada, irin wanda aka haɗa da sinadarai, yana alfahari wai babu wanda ya fi shi a kasuwa. Na ce ba za a zuba shi ba. Baba Usman ya taka mini ƙafa, na yi kamar ban ji ba. Da Larabcina na gareji, Baba yana cike mini gurbi, na bayyana masa cewa cikin sabon silinda da gangan ake barinsa da ɗan kaushi. Ringin fistan sai sun goga jikinsa sun ci kaushin nan sannan su zauna daram. In aka zuba mai mai santsi da yawa tun farko, ringin ba za su samu abin cizo ba, cikin silinda ya yi sulɓi, injin ya riƙa shan mai yana hayaƙi har a sake kwance shi. Sabon inji man gargajiya yake so, zalla, ba haɗi, har sai ya daina shan mai, sannan a koma na zamani. Na daɗe ina magana, har da ɗaga yatsa. Shekara uku a gareji ba wanda ya tambaye ni abin da na sani, ranar sai na zazzage masa duka. Abu Fahad ya saurara har na gama, ya ce tayyib, ya yarda, in je in nemo wanda nake so.

Nemo shi ya ci mini kwana biyar. A Makka duk shagon da na shiga sai a nuna mini na mota. Wani mai shago ya rantse mini da Allah cewa nasa na babur da na jirgi duk ɗaya ne, na ce masa ya sha abinsa. A ƙarshe aka kwatanta mini wani sito a Jidda. Na isa da azahar, gumi ya jiƙa mini riga har wando, duk da cewa a watan sanyi muke. Mai siton ya ce yana da zalla iri biyu, lamba ɗari mai kauri da lamba tamanin mai ɗan ruwa-ruwa, wanne nake so. Ban ko tsaya tunani ba. Shekara uku ina ganin yadda zafin Makka ke tsinka mai ya koma kamar ruwa, kuma duk bakaniken da ke garin nan mai kauri yake nema. Na ce ya ba ni ɗari. Bai tambaye ni ina jirgin yake ba, ni ma ban tambayi kaina ba.

Ranar da aka sa, muka bar Rusaifa bayan sallar asuba a akori-kurar Baba Usman. Tukwanen Hajiya da murhun gas ɗinta suna baya, domin da la'asar yana da biki da zai kai su. Kwalin mai yana tsakaninsu. Abu Fahad ya riga mu tafiya a motarsa. Ya ce lallai a tashi kafin azahar, saboda iska kan taso a kan dutse da rana, kuma washegari zai bar ƙasar, sai bayan wata guda da rabi zai dawo. Kwana tara suka rage mini.

Muna fara hawan dutse na fara jin wani abu a fatata. Hanya ta yi ta murɗewa, birai zaune a gefen titi sun takure, hazo ya sauko har Baba ya kunna fitila. Na rufe gilashi. Can na ga Baba ya jawo wata tsohuwar rigar sanyi daga bayan kujera ya saka, ya dubi 'yar shimin da ke jikina ya ce, “Muhandis, ba a faɗa maka nan ba Makka ba ce?” Na yi dariya. Dariyar ba ta kai ƙarshe ba na tuna da kwalin man da ke baya. Daga nan har muka isa ina ta waiwayen kwalin. Ƙafata kuma tana ta kaɗawa, har Baba ya ce in bari kada in huda masa mota.

Filin ƙarami ne, rumfar jirgi ɗaya da ɗakin mai gadi. Da na sauko numfashina ya fito kamar hayaƙi. Ga jirgin nan fari da ratsin shuɗi, an turo shi waje. Na taɓa murfin injin, sanyi kamar ƙarfen firji. Na ɗauko gwangwani ɗaya na buɗe, na karkata shi kan mazurari. Man ya tsaya yana shawara. Can ya fara fitowa a hankali, yana naɗewa kamar zuma. Na mayar da gwangwanin tsaye kafin ya ɗiga.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na sani. A Jos na koyi aiki. Na san sanyi. Na san in aka tada inji da mai mai kauri haka, famfon mai zai yi ta fama, ƙarfe ya yi ta gogar ƙarfe kafin mai ya isa ko'ina. Kuma sabon inji ba a barinsa ya daɗe a silo yana ɗumi a ƙasa, wannan ma ɓata silinda yake yi. Tamanin ya kamata in sayo. Ni da na ɗaga wa dattijo yatsa a falonsa.

Sai Shaiɗan ya zo ya tsaya kusa da kunnena. Injin zai tashi, wannan ba shakka. Zai yi ƙara mai daɗi, jirgin ya tashi ya sauka lafiya. Ɓarnar ba za ta nuna kanta yau ba, sai bayan watanni, lokacin igamata tana aljihu, kuma wa zai ce daga ina ta faro? Na tuna Hafsatu. Na tuna yadda zan sauka a Kano da jaka ɗaya. Na zagaya jirgin sau biyu ina taɓa abubuwan da ba su buƙatar taɓawa. Abu Fahad yana tsaye can gefe cikin babbar rigar sanyi, da kofin gahawa a hannu, yana kallon duwatsu. Wannan mutumin ne zai hau sama da injin nan, wataƙila wata rana da jikokinsa.

Na je na tsaya gabansa. Na ce, “Ya Abu Fahad, na yi kuskure. Irin man daidai ne, amma kaurinsa na zafin Makka ne. Da sanyin nan in na zuba shi zan cuci injinka.”

Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya tambaya ko akwai tamanin a Ɗa'ifa, na ce sai Jidda. Ya dubi agogo. Zuwa Jidda da dawowa ya wuce azahar nesa. Ya ce khalas, shi ke nan, a mayar da jirgin rumfa, in ya dawo daga tafiya a sake shiri. Maganar kafala bai ko ambata ba. Ya juya ya nufi motarsa.

Na koma bayan akori-kura na zauna a kan ƙofar baya, haƙorana suna haɗuwa. Baba Usman ya zo ya ce, “Mi ya faru, ya waladi?” Na gaya masa. Ya ce shi bai san jirgi ba, amma man shanun Hajiya in ya daskare ba zubarwa take yi ba. Na ɗago kai. Tukwanen suna bayana, na jingina da su tun ɗazu. Sai ga ubangidana na Jos ya faɗo mini a rai, Allah ya jiƙansa. Da safiyar sanyi yakan sa mu ɗora man jirgi a kan risho, cikin ruwan zafi, kafin a zuba. Muna yi muna gunaguni, muna cewa tsohon nan ya cika tsirfa.

Na bi Abu Fahad da gudu, na tare shi yana buɗe mota. Na ce ya ba ni awa biyu. Zan ɗumama man, in ɗumama injin, a tashi yau da ɗumi, amma kada a sake tada shi da safe sai an canja zuwa tamanin. Na ce in allurar da ke nuna ƙarfin mai ba ta hau nan take ba, ni da kaina zan ce a kashe. Ya daɗe yana kallona, sannan ya rufe motar.

Muka kai murhun can nesa da jirgi saboda fetur. Babbar tukunya muka cika da ruwa, muka zaunar da ƙaramar a ciki, sabuwa fil, wadda Hajiya ke ji da ita. Na wanke ta, na goge, na sake gogewa har ba ɗigon ruwa. Baba yana kallo ina juye man jirgi a ciki, ya ce yau kam a Ɗa'ifa zai kwana, domin Rabi sai ta yanka shi. Na karɓo hitar mai gadi ta lantarki na saka ƙarƙashin injin, muka lulluɓe murfin da barguna uku, har da na mai gadin, muka juya hancin jirgin wajen rana da ta fara keta hazo. Ni kuwa na kasa tsayawa. In je in taɓa silinda, in dawo in juya mai da ludayin Hajiya, in ɗaga in ga yadda yake zuba, in koma. Ba tafasa ake so ba, ɗumi ne kawai wanda bayan hannu zai iya jurewa. Baba ya ce in na ci gaba da sintirin nan zan haƙa rami tsakanin tukunya da jirgi.

Da man ya fara zuba daga ludayi siriri ba yankewa, silinda kuma suka daina cizon hannu, muka tace shi da sabon ƙyalle muka zuba. Abu Fahad ya hau, ya murɗa. Farfela ta juya sau biyu, injin ya kama. Idona na kan allurar mai ta tagar jirgin. Ta motsa, ta hau, ta tsaya inda ake so. Muka kashe bayan ɗan lokaci, na duba ko'ina, babu yoyo. Na mayar da murfi na ce masa Allah ya kiyaye. Sai ya buɗe ɗaya ƙofar ya ce in hau, wanda ya dafa shi ke fara ɗanɗanawa.

Awa ɗaya muka yi a sama, totur a buɗe kamar yadda sabon inji ke so, muna zagaye filin. An ce daga can ana ganin gonakin fure da kwazazzabai masu kyau. Ni ban ga komai ba. Allura biyu na sani, ta ƙarfin mai da ta zafi, su na zuba wa ido har suka fara yi mini biyu-biyu. Wayata tana aljihu, ban ko tuna da hoton Hafsatu ba.

Muka sauka, na ja geji, man ya ragu kaɗan kamar yadda ya dace. Na zauna a kan taya. Abu Fahad ya cire abin kunnensa ya ce in turo masa hoton igamata kafin la'asar, ɗansa zai gama takardun yana tafiya. Na fara godiya, ya ɗaga hannu.

Ya ce, “Na ga man nan lokacin da ka karkata gwangwani. Shekara talatin ina tashi daga dutsen nan, na san yadda ɗari ke zuba da sanyi. Kofina na riƙe ina jira in ga ko za ka zuba.”

Sanyin da na ji a lokacin ya fi na safiya. Na tuna zagaye biyun da na yi wa jirgin, da yadda saura ƙiris in zuba.

Mun isa Rusaifa a makare, masu bikin har sun fara kiran waya. Hajiya Rabi ta fito tana faɗa tun daga ƙofa. Ta ɗauki ƙaramar tukunyar ta shinshina, ta dubi mijinta, ta dube ni. Baba ya ɓuya bayana, tsoho da shi. Na fara ba da haƙuri, na ce zan wanke da omo da toka. Ta ce ko da Zamzam na wanke ba za ta ciyar da bayin Allah da ita ba. Sannan ta tambaya, jirgin dai ya tashi? Na ce ya tashi, Hajiya. Ta ce takarda fa? Na ce an ce in turo. Sai ta dangwara mini tukunyar a ƙirji, ta ce in ɗauke ta daga gabanta, ludayin ma in haɗa, ta juya da sauri tana goge ido da gefen mayafi.

Sati biyu bayan haka na koma kan dutse da kwalin tamanin da rigar sanyi. Na roƙi mai gadi ya ɗauke ni hoto a jikin jirgin, na tura wa Hafsatu. Ban lura tukunyar ta fito a gefen ƙafata ba. Ta kira nan take, ko jirgin ba ta ambata ba, ta ce, “Baba, wai dama girki kake yi a can?”

Na zauna a kan taya na ce ta kira mamanta su zauna tare, zan ba su labari tun daga garejin Rusaifa.